Yadda Ɗan Kasuwar Kano Zai Tantance Kamfanin China Kafin Su Haɗa Jari

Tun daga 2017, lokacin da gwamnatin China ta taƙaita fitar da kuɗi don sayen otal-otal, gidaje da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a ƙetare, kamfanonin ƙasar suka ƙara karkata ga masana'antu da ma'adinai. Kamfanin BYD na China ya buɗe masana'antar motocin lantarki a Tailan a 2024, a cikin 2024 ɗin kuma aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam ta wani kamfanin China a Jihar Nasarawa. Don haka wanda yake da fili ko tsohon sito a Sharada, Challawa ko Bompai yana iya samun baƙi masu neman abokin hulɗa.

Abin da za ka fara tambaya shi ne irin kuɗin da ake magana a kai, domin jama'a sukan kira komai jari. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda kamfanin gine-gine na China CCECC ya gina aka buɗe a 2016, kwangila ce da aka yi da bashin bankin Exim na China, alhali a tashar jiragen ruwa ta Lekki kamfanin China Harbour hannun jari ya saka. Mai kwangila zai tafi idan ya gama, mai jari kuwa riba da asara duk da shi.

Daga nan sai takardu. Ka nemi kwafin lasisin kamfanin na can gida, wanda ke ɗauke da lambar rajista mai gurbi 18 da sunan wakilinsa na doka, ka sa wanda ya iya Sinanci ya duba su a rumbun bayanan kamfanoni na gwamnatin China. Kada ka karɓi yarjejeniyar da babu jan hatimin kamfanin a kanta, domin a wurinsu hatimin ya fi sa hannun manaja ƙarfi. A nan gida kuma ka tabbatar da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta NIPC, hukumar bunƙasa zuba jari ta Najeriya.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen ƙiyasta abin da kowa ya kawo. Sau da yawa baƙon injuna zai kawo, kai kuma fili da sanin kasuwa. Ka ɗauko injiniyanka ya karanta farantin ƙarfen da ke jikin kowane inji, inda aka buga shekarar ƙira, saboda injin da ya gama aiki a Guwangzu aka sake masa fenti bai kamata a rubuta shi da kuɗin sabo ba. Filinka ma masani ne zai yi masa ƙima, kuma a ganina bayar da haya ya fi sallama takardar mallaka. A rubuta wanda zai ɗauki nauyin wuta da kayan gyara, da yawan yaran gida da za a koya wa aikin, da wanda zai riƙe dillanci, don kada ka wayi gari abokin naka yana sayar wa kwastomominka na Kantin Kwari kai tsaye.

Sharaɗin sasanta rikici ma ba na wasa ba ne: saɓanin kamfanin Zhongshan na China da Jihar Ogun ya kai ga tsare jiragen fadar shugaban ƙasa a Faransa a 2024. Lauyanka ya fayyace inda za a yi sulhu, da dokar ƙasar da za a bi, da harshen da za a dogara da shi idan kwafin Turanci da na Sinanci suka saɓa.