Yadda Ake Ɓare 'Ya'yan Bunya Da Dafa Su Ba Tare Da An Yanke Hannu Ba

Duk wanda ya zauna a kudu maso gabashin jihar Queensland ta Ostareliya tsakanin Janairu da Maris zai ci karo da alluna a wuraren shaƙatawa suna gargaɗin kada a tsaya ƙarƙashin wasu dogayen bishiyoyi. Bishiyar bunya ce. Ɗanta wani dunƙule ne kore mai ƙaya wanda nauyinsa kan kai kilo 10, kuma daga can ƙololuwa yake faɗowa. A cikinsa akwai 'ya'ya da dama, wani lokaci su haura 50. Su ake ci. Mutanen asalin ƙasar, irin su Wakka Wakka da Kabi Kabi, sun daɗe suna taruwa a tsaunukan Bunya duk shekarar da bishiyoyin suka yi 'ya'ya sosai, kusan bayan kowace shekara uku, ana biki ana ci, har a 1842 gwamnan mulkin mallaka George Gipps ya hana sare bishiyoyin a yankin.

Baƙi da yawa, har da ɗalibanmu da ke karatu a can, sukan sayo 'ya'yan a kasuwar ƙarshen mako cikin ɗoki, su dafa, sannan su kasa ɓarewa, su zubar suna cewa abin ba ya ciyuwa. Yana ciyuwa, kuma yana da daɗi. A wuri ɗaya ake tafka kuskuren.

Da farko, zaɓe. Idan dunƙulen ka samu, kada ka sa masa gatari. Ajiye shi a inuwa kwana kaɗan, da kansa zai saki ya wargaje. Sa safar hannu mai kauri, saboda ƙayar tana shiga fata, ka zare kowane ɗa daga rigarsa. Ɗauki ɗaya-ɗaya ka auna a tafin hannu. Mai nauyi, mai cika, shi ne naka. Wanda ya shafe ya yi sakayau fanko ne, mai huda ko mai fumfuna kuma ka jefar, kada ka ji tausayin kuɗinka. Abin lura: ba a ɗibar komai a cikin gandun dajin gwamnati, doka ta hana. Masu gidaje da gonakin da ke da bishiyar sau da yawa neman mai kwashewa suke yi, don haka tambaya ta fi sayen na kasuwa araha.

Wanke su, ka zuba a babbar tukunya, ruwa ya rufe su sosai, ka sa gishiri. Daga lokacin da ruwan ya tafasa ka ƙirga minti 30. Za ka ga bakin wasu ya ɗan tsage ta wajen tsinin, alamar sun yi ke nan.

Nan ne mutane ke ɓata aikin. Suna sauke tukunya sai su tsiyaye ruwan, su juye a faranti su ce bari ya huce. Kwanson bunya ba ya fashewa kamar yadda aka saba gani a sauran 'ya'yan itace. Zare-zare ne da shi, yana da danƙo, zafi da ruwa ne kawai ke sa shi laushi. Da ya huce ya sha iska sai ya koma ya ƙandare, wuƙa ta riƙa zamewa a kansa tana neman yatsa. Saboda haka ruwan nan ba a zubar da shi. Rage wutar can ƙasa, ka bar tukunyar a kai, ka riƙa tsamo uku ko huɗu da ludayi. Ka gama da su, sannan ka tsamo wasu. Wanda ya huce a hannunka kafin ka kai gare shi, mayar da shi cikin ruwan, kada ka yi kokawa da shi.

Kayan aikin kuma, almakashin yanke rassan lambu. Ni ban yarda da wuƙar kicin a wannan aiki ba, komai kaifinta, balle masu cewa a sara su ɗanye da adda. Riƙe ɗan da tsumma a hannun hagu, gindinsa mai faɗi a cikin tafinka, tsinin yana kallon waje. Datse ɗan tsinin, sai ka sa bakin almakashin a ramin da ya buɗe ka tsaga kwanson a tsaye zuwa ƙasa, gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen. Zai buɗe biyu, tururi na fita, ga naman fari mai ɗan ruwan madara lulluɓe da siririyar fata ja-ja. Ƙwaƙulo shi da ƙaramin cokali. Fatar tana saluɓewa da yatsa idan da zafi. A tsakiyar naman akwai wani ɗan tsiro siriri, ni cire shi nake yi don yakan kawo ɗan ɗaci. Goman farko za su ba ka wahala, daga nan hannu ya saba. Idan ku biyu ne, ɗaya na tsagawa ɗaya na ƙwaƙulewa, aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Ɗanɗanonsa ya fi kusa da dafaffiyar gurjiya, gari-gari, da ɗan zaƙi kaɗan, ba mai maiƙo ba ne. Shi ya sa yana son mai da gishiri. Yadda na fi so shi ne a yanka shi falle-falle a soya sama-sama da albasa da man shanu, a barbaɗa yaji. Minti biyar ya isa, idan ya daɗe a kasko tauri yake yi. Ana kuma zuba shi a miyar nama dab da saukewa, ko a niƙa shi a kwaɓa da fulawa.

Masu son gasawa, dole a tsaga kowane ɗa kafin ya ga wuta, in ba haka ba tururin ciki zai sa ya fashe da ƙara, ya watso garwashi. A oben, zafi digiri 200 a ma'aunin Celsius, minti 20 zuwa 30, shi ma a ɓare da zafinsa.

Ajiya: ɗanye a cikin leda a ɗaki ba ya kwana da yawa sai fumfuna ta kama shi, wani ma ya fara tsiro. Dafa duka rana ɗaya, ka ɓare, ka ƙulla ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, ka jefa firiza. Zai yi watanni, kuma ranar amfani daga firiza kai tsaye zuwa kasko.