Bindigar hannu da abincin kare: kurakuran da na gaji da gani wajen sababbin mafarauta

Duk shekara idan lokacin farauta ya ƙarato, sai wani sabon shiga ya zo mini da abu biyu yana washe baki: ƙatuwar bindigar hannu da bai taɓa harba irinta ba, da buhun abincin kare da ya zaɓa saboda hoton da ke jikinsa. Tun kafin ya buɗe baki na san inda za a kwana, domin ni ma ta nan na bi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A fara da doka, don ita ba a ja da ita. Akwai ƙasashen da farar hula ba shi da izinin riƙe bindigar hannu sam. Birtaniya ta haramta akasarinsu a 1997, bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta garin Dunblane da ke Scotland a 1996. A Amurka kuwa kowace jiha da tata ƙa'idar kan irin harsashin da aka yarda a harbi barewa da shi. Wanda ya sayi bindiga kafin ya nemi lasisi ya karanta dokar farautar inda yake, gini ya yi da tubalin toka.

Babban kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sayen bindigar da ta fi ƙarfin hannun mutum. Bindigata ta farko libarba ce, wato mai ganga mai juyawa da ake zuba harsashi a ciki, mai cin harsashin .44 Magnum, mai gajeren hanci (bututun da harsashi ke bi ya fita), inci 3, mara nauyi. Mai sayarwa ya ce ita ce ta maza, ni kuma na so a ce namiji ne ni. Wannan harsashi tun 1955 ake yinsa, kuma babu shakka yana kayar da babbar dabba. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, gwargwadon rashin nauyin bindiga gwargwadon shurin da za ta yi maka. Gajeren hanci kuma ba ya ba albarushi damar gama ci, sai ƙara ta yi yawa, wuta ta fito ta baki, gudun harsashi ya ragu. Ga shi tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, ɗan karkacewar da ido ba ya gani a hannu sai ta zama kamu guda a can nesa.

Harbi goma na farko suka koya wa jikina tsoro. Ban sani ba, ashe duk lokacin da zan ja kunama sai in runtse ido, in danna bakin bindigar ƙasa don in tari shurin tun bai zo ba. Da wannan hannun na shiga daji. Na sami barewa a tsaye, ba ta fi mita 40 ba, na saita bayan kafaɗarta, harsashi ya sauka a ciki. Ta ranta a na kare. Mun bi jini har duhu ya rufa, muka dawo da asuba muka ci gaba, sai da azahar muka tarar da ita ta mutu a cikin sarƙaƙiya, naman ya lalace. Ta kwana tana shan azaba saboda girman kaina. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma shi ya sa ba na iya yin shiru idan na ga yaro yana jinjina irin wannan bindigar yana cewa ai babba ita ce magani. Maganin me? Harsashin da ya sauka a hanji bai san girmansa ba. Dabba rai gare ta, ba allon gwaji ba ce, kuma ba ka da haƙƙin koyon harbi a jikinta.

Sai da na shafe kusan shekara kafin na cire wannan tsoron daga hannuna, ga kuma yadda na yi. Na koma ƙaramar bindiga mai cin .22, wadda shurinta bai taka kara ya karya ba, na yi ta harbi har idona ya daina runtsewa. Daga nan na sayi libarba .357 Magnum ta ƙarfe mai nauyi, hancinta inci 6. Alfanun wannan harsashi, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da bindigarsa a 1935, shi ne bindigar tana cin .38 Special mai sauƙin shuri, sai ka yi atisaye da shi ka ajiye mai ƙarfin don daji. Haka .44 Magnum take cin .44 Special. Amma kada ka juya lissafin, bindigar da aka ƙera don ƙaramin ba a cusa mata babban. Akwai kuma dabarar da nake yi har gobe a filin atisaye: in ba abokina ya zuba mini harsashi a ganga, ya haɗa masu rai da kwanson da aka riga aka harba, ban san wanne ne wanne ba. Idan kunama ta faɗa kan kwanso kuma bakin bindiga ya yi ƙasa, to asirin hannuna ya tonu.

Ƙa'idar da na kafa wa kaina game da nisa ita ce faranti. Ina kafa farantin takarda mai faɗin inci 8, kusan girman huhu da zuciyar barewa. Nisan da zan iya zuba harsashi biyar cikin biyar a kansa, a tsaye ko a durƙushe yadda zan yi a daji, shi ne iyakata. Wasu za su ce huɗu cikin biyar ya isa. Ni bai ishe ni ba, domin na ga abin da na biyar ɗin yake yi.

Sauran na bindiga a taƙaice. Masu son fistol mai magazin, wato mai gidan harsashi a cikin mariƙi, mai cin harsashin 10mm ita ce aka fi ɗauka don daji, sai dai a riƙe ta da ƙarfi, sakakken wuyan hannu yana sa ta cije. Kada a sayi kuben da bai rufe kunama gaba ɗaya ba, reshe ɗaya ya isa ya ja ta. Kada babban yatsa ya je kusa da tsagar da ke tsakanin ganga da hancin libarba, iskar da ke fita ta nan tana yanka nama. Harsashi mai cikakkiyar rigar jan ƙarfe yana ratsa dabba ya wuce ba tare da ya kashe da wuri ba, wurare da dama ma an hana farauta da shi, mai ramin baki da aka yi don kare kai kuma yakan buɗe da wuri a jikin dabba mai kauri. Ni mai taushin baki ko mai tauri mai faffaɗan baki nake sa wa. Idan bindiga ta faɗi a laka, a sauke harsashi a duba cikin hanci kafin a sake harbi. Sai kunne: ƙarar da ta kai desibel 140 tana iya yin lahani nan take, .357 kuwa tana haura 160, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A toshe kunne, kuma kada a yi harbi a saitin kan kare, shi ba shi da abin toshewa.

Tunda an zo kan kare, akwai wurin da bindiga da abincinsa suke haɗuwa, kuma mutane kaɗan ne suke lura. Harsashin dalma yana farfashewa ya bar ɓurɓushi a naman da ke kewaye da raunin. Sai ka ga mafarauci ya yanke wannan wurin da ya dagargaje, wanda shi ba zai ci ba, ya jefa wa karensa. Gubar dalma ka ba shi. A yanke wurin da faɗi a binne. Ɗanyen naman aladen daji kuwa kada kare ya kusance shi ko kaɗan, yana iya ɗauke da cutar Aujeszky, wadda idan ta kama kare kusan ba ya tashi, kuma babu maganinta.

Kuskure na biyu da ya yi mini babbar asara shi ne lokacin ba da abinci. Ina da wata karya mai zurfin ƙirji, mai hanci kamar me, shekara shida muna tare. Ranar buɗe farauta na ce yau akwai aiki, bari in cika mata ciki don ta sami ƙarfi. Na zuba mata ninki biyu na abin da ta saba da asuba, ta haɗiye cikin minti biyu, ta sha ruwa, muka fita. Wajen hantsi na ga ta rage gudu. Can ta tsaya tana yunƙurin amai babu abin da ke fita, yawu na dalala, ta kasa zama ta kasa kwanciya. Na taɓa cikinta na ji ya yi tauri kamar ganga. Ban san abin da nake kallo ba, na ce a bar ta ta huta a inuwa. Awa uku na ɓata. Kafin mu isa wurin likitan dabbobi tumbin ya riga ya murɗe, jini ya daina zuwa, ba a iya cetonta ba.

Murɗewar tumbi ke nan, kuma ba ta jira. Tumbi ya cika da iska ya juya a kan kansa, ya toshe mashiga da mafita, ya danne manyan jijiyoyin jini. Tiyata ce kawai maganinta, cikin 'yan awanni. Karnuka masu zurfin ƙirji irin su Weimaraner da Setter sun fi shiga haɗari, haka mai cin tuli guda a zama ɗaya da mai haɗiya da sauri. To don Allah wane ne ya gaya muku abincin da kare ya ci da asuba shi ne ƙarfinsa na hantsi? Wannan abincin bai ma narke ba, kaya ne kawai yake ɗauke da shi a ciki yana tsalle da shi. Ƙarfin yau daga abincin jiya da na makonnin baya yake fitowa. Kuna ganin kamar tausayi ne, alhali cutarwa ce. Kuma duk wanda ya ga alamomin nan da na lissafa ya tsaya shawara, to ya sani yana ƙirga awannin karensa ne. A bar farautar, a ɗauke shi a kama hanya.

Yanzu ba na ba kare cikakken abinci da safen farauta. Sai mun dawo, ya huta aƙalla awa guda, hakinsa ya lafa, sannan in ba shi rabi, sauran rabin da dare. Akwai mafarautan da na girmama da suke ba da sau ɗaya da yamma, ni dai raba shi biyu ya fi kwanta mini. A aljihuna akwai 'yan ƙwayoyin abincinsa da nake ba shi kaɗan-kaɗan a hanya, domin wasu karnukan sukarin jininsu yakan faɗi a tsakiyar aiki, su fara tangaɗi. Ruwa ma kaɗan-kaɗan, akai-akai. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma hakin ruwa yake ƙwace masa.

Wajen zaɓen buhu, a juya bayansa a karanta, a bar kallon hoto. Karen da ke wuni yana gudu da maiƙo yake aiki, kuma giram ɗaya na maiƙo yana ba da kuzarin da ya ninka na furotin ko sitaci fiye da sau biyu. Shi ya sa abincin karnukan aiki yakan zo da rubutun 30/20, wato furotin kashi 30, maiƙo kashi 20. Jikin kare yana buƙatar makonni kafin ya saba da ƙona maiƙo sosai, don haka ni wata biyu kafin farauta nake fara ba da shi. Sauyin kuma a hankali, cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabo ana rage tsoho. Wanda ya sauya rana ɗaya, zawo zai tarar. A nemi rubutun da ke cewa abincin cikakke ne bisa ma'aunin AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ko makamancinsa. Rubutun "babu hatsi" kuwa bai taɓa burge ni ba, musamman tun da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fara bincike a 2018 kan alaƙar irin waɗannan abinci da wani ciwon zuciya na karnuka.

Nama zalla ba abinci ba ne cikakke, ba shi da isasshen kalshiyam, kwikwiyon da aka raina a kansa ƙashinsa ba ya ƙwari. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan da cingam mai sinadarin zailitol duk guba ne ga kare, a kula da ragowar abincin sansani. Buhu kuma a ajiye shi a busasshen wuri, a rufe, kada a sayi wanda zai wuce wata guda ko makonni shida a buɗe. Fumfuna tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma a ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka saboda ita.

Adadin da aka rubuta a bayan buhu mafari ne kawai, hannunka ne ma'auni. Duk mako ina shafa gefen karena. Idan na ji haƙarƙari ba tare da na danna ba, kuma daga sama na ga ƙugunsa ya shiga, to daidai yake. Idan ƙasusuwan ƙugu sun fara fitowa a tsakiyar lokacin farauta, sai in ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu. Da an rufe farauta kuma sai in rage nan da nan, in ba haka ba zai shiga shekara mai zuwa da teɓa, ya fara haki tun kafin rana ta ɗaga.