Darasi na Shida: Kare Kai daga Mura da Korona a Wurin Likitan Haƙori

A yawancin sassan asibiti marar lafiya yana iya rufe hanci da baki da takunkumi, amma ban da kujerar likitan haƙori, domin a can dole ne ya wangale baki, likita kuma ya sunkuyo har fuskokinsu su kusa haɗuwa. Ƙwayoyin cutar mura da korona da ƙyanda suna fita ne cikin yawu da majina da numfashi. Idan aka kunna injin fafe haƙori, ko na kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ruwan da ke sanyaya injin yakan gauraya da yawu ya tashi kamar hazo. Manyan ɗigo suna sauka nan take a kan riga da hannun kujera, ƙanana kuwa suna daɗewa suna yawo. Ƙwayar ƙyanda tana iya kaiwa awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita.

Saboda wannan haɗari ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a watan Agustan 2020 cewa a jinkirta aikin haƙorin da ba na gaggawa ba a wuraren da korona ke yaɗuwa.

Babban nauyin yana wuyanka tun kafin ka bar gida. Idan kana tari ko atishawa ko zazzaɓi, ka faɗa wa ma'aikata gaskiya su ɗaga maka rana. Wasu suna ɓoyewa don kada layi ya wuce su, wannan kuwa zalunci ne ga tsohon da ke zaune kusa da su, da mai juna biyu, da mai asma. Amma idan fuskarka ta kumbura, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon haƙorin ya hana ka barci, kada ka zauna a gida. Ka sanar da su halin da kake ciki, su keɓe ka. A ɗakin jira ka sa takunkumi, ka bar tazarar aƙalla mita 1, ka yi tari cikin gwiwar hannu.

Ka kuma lura da aikin ma'aikata. Likita zai wanke hannu da sabulu ya sa sabuwar safar hannu ga kowane mutum, domin safa ba ta maye gurbin wanki. Mai mura yana iya harbin wani mutum kwana 1 kafin alamu su bayyana, shi ya sa ma'aikata ke sa takunkumi da tabarau ko garkuwar fuska yayin duba kowa. A aikin da ke tayar da hazo, takunkumin N95, wanda ke tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, ya fi na yau da kullum. Mataimaki zai riƙe bututun tsotse yawu dab da haƙorin, a goge kujera da hannun fitila bayan kowane mutum, a bar iska tana shiga tana fita. Ƙarafan aiki kuma ana turara su a injin tururi mai zafin digiri 121 ko 134. Idan ba a farke ledar da ake rufe turarrun ƙarafan a ciki a gabanka ba, kana da haƙƙin tambaya cikin ladabi ko an turara su.