Kurakuran da Masu Binciken Ingancin Ruwan Kogi Suka Fi Yi, da Gyaransu

Yawancin binciken ruwan kogi da ke lalacewa, a bakin kogin yake lalacewa, tun kafin a rufe murfin kwalba. Na'urar ɗakin gwaji ba ta san inda aka ɗebo ruwan ba, ba ta san ƙarfe nawa aka ɗebo shi ba. Duk abin da aka zuba mata, lamba za ta fitar. Saboda haka matashin da ya ɗauki kimiyyar ruwa sana'a, hannunsa ya kamata ya fi sa wa ido.

Kuskuren farko shi ne ɗiban ruwa a inda ƙafa ta iya kaiwa: a sauka gaɓa, a miƙa hannu, a cika kwalba, a rubuta sunan kogi a jikinta. Ruwan gefe kuwa a kwance yake, ya fi ɗumi, kuma sau da yawa bai gauraya da na tsakiya ba. Kusa da birnin Manaus na Brazil, baƙin ruwan kogin Negro da ruwan laka na Solimões suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kusan kilomita 6 ba su haɗe ba. Abin da ido ke gani a can, shi ke faruwa a ɓoye bayan kowace mahaɗa da kowane bututun da ke zubar da dagwalo. Ka hau gada ko kwale-kwale, ka raba faɗin kogin gida-gida, ka ɗiba a kowane gida daga sama zuwa kusa da ƙasa, sannan ka haɗa. In kuwa da ƙafa ka shiga, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, kwalba a gabanka, don kada lakar da ka tayar ta shiga.

Na biyun ya fi kowanne damuna, domin har a rahotannin manya ana ganinsa: a auna yawan gurɓata a lita ɗaya, a manta da yawan ruwan da ke wucewa. Miligiram 1 a lita, a kogin da ke tura kubik mita 1 duk daƙiƙa, giram 1 ke nan a daƙiƙa, wato kilo 86.4 a awa 24. To, ga rafi mai miligiram 20 a lita da kubik mita 1, ga babban kogi mai miligiram 2 kacal amma da kubik mita 100. Wanda ya dubi kwalba kawai zai ce rafin ne matsalar. Lissafi ya nuna rafin na ɗauke da kilo 1,728 a kwana, kogin kuwa kilo 17,280. Tafkin da ke ƙarshen hanya kilo yake karɓa.

Akwai wata riba a auna kwararar ruwa. Gurɓatar da ke fitowa daga bututun masana'anta tana raguwa a lita idan ruwa ya ƙaru, saboda an tsarma ta. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa kogi ya gyaru, alhali masana'antar ba ta canja komai ba. Wadda ruwan sama ke wankowa daga gonaki kuwa, kamar laka da fosfaras (sinadarin da ke cikin taki), ƙaruwa take yi da ruwan. Ke nan lambobin biyu in aka ajiye su tare, su ke nuna maka daga ina ɓarnar ta fito. Duk ranar da ka ɗebi samfur, ka karanta sandar auna tsayin ruwa, ka rubuta, domin daga tsayin ake lissafa kwarara. Gudun ruwa a wuri marar zurfi, a kashi 6 cikin 10 na zurfin ake auna shi, daga sama. Bayan babbar ambaliya ka sake awon, domin yashin ƙasan kogi ya motsa, tsohon lissafin tsayi da kwarara ya daina aiki.

Ita ambaliyar ma ana yawan guje mata. Jadawalin fita sau ɗaya a wata ya fi faɗawa kan ranakun da kogi ke kwance, alhali a koguna da yawa kaso mai tsoka na lakar shekara a 'yan kwanakin cikar ruwa yake wucewa. A ƙara fita lokacin da ruwa ke tashi, ko a kafa na'urar da ke ɗiba da kanta. Amma kada kowa ya je shi kaɗai, kada ya je ba rigar da ke hana nutsewa.

Sai lokacin awo. Iskar oksijin da ke narke a ruwa ba ta zama wuri ɗaya. Da rana gansakuka da tsirran ruwa suna samar da ita, da dare kowa shaƙa yake yi, sai ta yi ƙasa sosai gab da asuba. Mai awo da azahar zai ga lafiya lau a kogin da kifayensa ke shan wahala kafin gari ya waye. Zafi ma yana da hannu: ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos yana riƙe kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5. Lambar oksijin da ba a rubuta ƙarfe nawa da zafin ruwa a gefenta ba, ba ta da amfani. Wurin ma haka: tun 1925 masu bincike biyu, Streeter da Phelps, suka nuna a kogin Ohio na Amurka cewa oksijin ba a bakin bututun dagwalo ya fi faɗuwa ba, sai can gaba, bayan bakteriya sun samu lokacin cin ƙazantar. Ka bi ruwan ka nemo wurin.

Wani lokaci mai binciken ne da kansa ke gurɓata samfur. Masanin kimiyya Clair Patterson na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna cewa dalmar da ake ta bayar da rahotonta a ruwan teku, mai yawa daga jirgi da kwantena da iskar ɗakin gwaji ta fito. A farkon shekarun 1990 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta gano irin wannan a wasu bayananta na ƙarafa a koguna, ta sauya yadda take ɗiban samfur. Maganin ba shi da tsada: ka tafi da tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji, ka bi da shi ta bokiti da abin tacewa da kwalbar da kake aiki da su, ka tura shi tare da sauran. In an samu dalma a cikinsa, ka yi watsi da sakamakon ranar gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka kuma riƙa cika kwalba biyu a wuri ɗaya lokaci-lokaci, ka ga ko amsarsu za ta zo ɗaya.

Wasu kurakuran ƙanana ne amma suna rusa aiki. Samfurin bakteriya ƙanƙara yake so, a cikin duhu, a kuma gwada shi cikin 'yan awanni. Na ƙarafa ana tace shi da matata mai ƙofa maikromita 0.45, a sa masa asid har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. Naitret kuma, sinadari mai ɗauke da naitrojin da ake samu a taki, iri biyu ake rubuta shi: miligiram 50 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha daidai yake da kusan 11 idan naitrojin ɗin kaɗai aka ƙirga, don haka ka tambayi ɗakin gwaji wanne suka ba ka. Idan na'ura ta ce abu ya yi mata kaɗan ta gani, kada ka rubuta sifili. Ka rubuta "ƙasa da" iyakar da take iya gani.

A ƙarshe akwai gaggawar cewa kogi yana gyaruwa ko yana lalacewa bayan shekara biyu. Shekarar fari da shekarar ruwa kaɗai sun isa su juya lambobi. Awon da masu bincike Likens da Bormann da abokan aikinsu suka fara a dajin Hubbard Brook na Amurka a 1963, wanda ya fallasa ruwan sama mai asid a Arewacin Amurka, ƙarfinsa yana cikin ɗorewarsa mako bayan mako. Babban haɗarin dogon awo shi ne canja na'ura ko ɗakin gwaji a tsakiya, sai tsalle ya bayyana a jadawali a ɗauka kogin ne ya canja. In za ka canja, ka gwada samfur ɗaya da tsohuwar hanya da sabuwa na tsawon watanni, a rani da damina, ka rubuta ranar canjin a cikin fayil ɗin da lambobin suke.