Faransanci ga sabon zuwa: a fara da kunne, a bar Turanci ya huta

Wanda ya taso a Maraɗi ko Damagaram ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, shi gyaran murya kawai ya rage masa. Da kai nake, ɗan'uwa, da ka fito daga Kano ko Zariya ko Sakkwato ko zangon Kumasi, ka sauka Faransa ko Beljiyam da Hausa da Turanci a bakinka, ka tarar Turancin bai raka ka nesa da filin jirgi ba. Da ke nake kuma, 'yar'uwa, da kika biyo maigida, yana fita aiki tun asuba yana barin ki da maƙwabtan da ko gaisuwa ba ta haɗa ku.

Shawarata ta farko: ku daina bi ta Turanci don isa Faransanci. Haruffan iri ɗaya ne, shi ya sa ido ke yaudarar mutum, ya ga kalma ya karanta ta yadda aka koya masa a firamare, Bafaranshe kuma ya yi ta kallonsa. Hausar da kuka sha a nono, da karatun da kuka yi a gaban malam, sun fi kusa da wannan harshe a wurare da dama.

Kafin komai, gaisuwa. A Faransa duk inda ka shiga, kanti ne ko ofis ko wajen likita ko motar bas, kalmar farko bonjour ce, da yamma bonsoir, ka ɗora madame ko monsieur. Wanda ya tsallake ta ya faɗa kan buƙatarsa, za a amsa masa a daƙile, ya fita yana cewa mutanen nan ba su da kirki, alhali a wajensu shi ne ya shigo ba sallama. Bahaushe bai kamata a koya masa wannan ba. Bambancin kawai, tasu gajeriya ce, ba a tambayar gida da iyali da gajiya. Bonjour, buƙata, s'il vous plaît (don Allah), merci (na gode), au revoir (sai an jima), shi ke nan.

Yanzu furuci, kuma nan ne zan daɗe, don nan ne wahalar take. Motar Peugeot da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, Fijo muke ce mata. Iyayenmu da kunne suka ɗauki sunan, shi ya sa suka yi daidai da suka bar harafin t na ƙarshe, don ba a furta shi. Amma sun mai da p ta koma f, kuma wannan ce cutar da ke bin kowane Bahaushe har birnin Paris. A Hausa ko ka haɗe leɓe ko ka sassauta, fari fari ne, babu abin da ya sauya. A Faransanci kalma ce ke sauyawa: pain burodi ne, faim yunwa, port tashar jiragen ruwa, fort mai ƙarfi, père uba, fer ƙarfe. Ga yadda ake raba su. Wajen p, leɓe biyu su haɗu su rufe ruf, sannan su buɗe. Wajen f, haƙoran sama su hau kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita, leɓe biyu kada su taɓa juna. Ka tsaya gaban madubi ka duba bakinka, don kunnenka bai saba jin bambancin ba tukuna, idonka ne zai fara kama shi. Haka v da b suke: boire sha ne, voir gani, bain wanka, vin giya. Ita v ɗin f ce da aka sa wa murya, haƙori a kan leɓe, maƙogwaro yana rawa.

Sai wasalin u, wanda babu shi a Hausa kuma babu a Turanci. Abin da muke rubutawa u, su ou suke rubuta shi. Nasu u ɗin daban ne: ka ce "ii" ka riƙe, kada harshenka ya motsa, sai ka tsuke leɓe kamar za ka yi fito. Sautin da ya fito shi ne. Da shi ake raba rue, titi, da roue, taya. Da shi ake raba dessus, a sama, da dessous, a ƙasa. Wanda ya sami aikin ɗaukar kaya a sito zai san amfanin waɗannan biyu tun ranar farko.

Wasulan hanci uku ne za ka fi cin karo da su: an, on, in. Ba a furta n ɗin, iska ce ake sakin rabinta ta hanci. Wanda ya yi tajwidi ya san gunna, to kusan ita ce. Ka jera banc, bon, bain kana maimaitawa har su rabu a bakinka. Shi ma r ɗin da ke tsorata mutane, daga maƙogwaro yake fitowa, kusa da inda gainun ta Larabci take, ta cikin "gairil magdubi", sai dai a tausasa ta. Amma kada r ta cinye maka lokaci. Mutanen Senegal da Mali da Nijar da yawa da bakin harshe suke kaɗa ta, kuma ana fahimtarsu sarai. R mai kaɗawa ba ta sauya ma'ana, p da f ne ke sauyawa. Harafin ch kuwa sh ɗinmu ne, h ba a furta shi sam, j kuma yadda mutanen Nijar ke furta ta a Hausarsu, mai laushi, ba ta Kano mai tauri ba.

Ƙarshen kalma galibi ado ne a rubuce. Beaucoup "boku" ake cewa, Bordeaux "Bordo", eau gaba ɗayanta "o". Haruffa huɗu ne suka fi fitowa a ƙarshe, c da r da f da l, kamar a sac, bonjour, neuf, avril, su ma ba kullum ba. Sai dai harafin da ya yi shiru yakan farka idan kalmar gaba ta fara da wasali: vous avez sai ka ji "vuzave", deux heures ka ji z a tsakani. Wannan ne dalilin da sabon zuwa yake cewa suna sauri. Ba sauri ba ne kaɗai, ɗinke kalmomi suke yi, ba ka jin inda wata ta ƙare wata ta fara. Maganinsa, ka riƙa haddace jimla gaba ɗayanta yadda aka faɗe ta, maimakon kalma ɗai-ɗai. Ka kuma lura da ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, wadda ta ba mu burodi da direba. Train gaɓa ɗaya ce, ba "tiran" ba.

A nahawu, Bahaushe ya riga Baturen Ingila nisa. Shi sai an zaunar da shi an yi masa bayanin cewa tebur da ƙofa suna da jinsi. Mu tun muna yara muke cewa ƙofa ta buɗe, tebur ya karye. Tunanin yana nan a kanka. Haɗarin shi ne ka ɗauka jinsin ya yi daidai da namu. Rana tamace ce a Hausa, le soleil namiji ne. Wata namiji ne a wajenmu, la lune tamace. Gida namiji, la maison tamace. Ruwa namiji, eau tamace. Don haka kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka, ka rubuta shi da un (na namiji) ko une (na tamace) a gabansa, ka haddace su tare. Akwai 'yar alama da ke taimakawa: masu ƙarewa da -tion da -té yawanci mata ne, masu -ment da -age yawanci maza. Wuri ɗaya da Hausa za ta ja ka ƙasa shi ne mallaka. Mu mai abu muke dubawa, gidansa, gidanta. Su abin suke dubawa: sa maison ce ko na namiji ne ko na mace, son sac ne ko jakar Hajiya ce.

Korewa kuwa tamu ce sak. "Ban sani ba" da muke kewaye magana da ba biyu, haka suke kewaye aikatau da ne da pas: je ne sais pas. A bakin titi sukan haɗiye ne ɗin, ka ji je sais pas kawai, don haka pas za ka kasa wa kunne. Shekaru ma irin namu suke faɗa, "ina da shekara talatin", j'ai trente ans; wanda ya biyo ta Turanci shi ke cewa je suis trente. Il y a kuwa akwai ce.

Inda muka rabu shi ne aikatau. Mu wakilin suna muke juyawa, na tafi, ina tafiya, zan tafi. Su jikin aikatau suke juyawa, kuma littattafan nahawu cike suke da jadawalin da ke karya gwiwa. Kada ka nemi haɗiye su duka. Huɗu za ka fara kamawa da kyau: être (zama), avoir (samu), aller (tafiya), faire (yi). Da aller za ka faɗi abin da za ka yi, je vais payer, zan biya. Da avoir za ka faɗi yawancin abin da ya wuce, j'ai payé, na biya. Ka ƙara je voudrais don neman abu cikin ladabi. Da waɗannan za ka yi watanni kana biyan buƙata. Abin farin ciki, ƙarshen da ke sauyawa a rubuce sau da yawa ɗaya ne a baki: je parle, tu parles, ils parlent, duk sauti guda.

Tu da vous ba wasa ba ne. Yadda ba za ka ce wa surukinka kai kai tsaye ba, haka ba a ce wa baƙo ko jami'i ko likita ko shugaban aiki tu. Vous za ka riƙe wa duk babban da ba ka saba da shi ba, har sai shi ya ce on peut se tutoyer, wato mu koma ce wa juna tu. Yara da abokai su ne na tu.

Lissafi yana da tarko daga saba'in. A Faransa 70 soixante-dix ne, wato sittin da goma. 80 quatre-vingts, ashirin huɗu. 95 quatre-vingt-quinze, ashirin huɗu da sha biyar. A Beljiyam an sauƙaƙa, 70 septante, 90 nonante. Lambar waya a Faransa guda 10 ce, bibbiyu ake karanta ta. Sakatariya za ta ce soixante, ka yi maza ka rubuta 6, sai ta ƙarasa da douze, ashe 72 take nufi. Ka jira ta gama kafin alƙalami ya sauka, ko ka miƙa mata takarda ka roƙe ta ta rubuta maka, ka ce vous pouvez l'écrire, s'il vous plaît? Lokacin ganawa kuma da awa 24 ake ba da shi, quatorze heures ƙarfe biyu na rana ne, quatre heures ƙarfe huɗu. Kunne ɗaya ya kuskure, ranar da aka yi makonni ana jira ta wuce.

Wasu kalmomi tun makon farko ya kamata ido ya san su a jikin kwalin abinci: porc, jambon, lardons, saindoux, dukansu alade ne ko kitsensa, sai gélatine da ake buƙatar a duba asalinta, da vin da rhum da kan shiga miya da kek. A gidan abinci, sans porc, sans alcool sun isa.

Maganar inda za a koya. Yawancin waɗanda suka zo zama na dindindin a Faransa, banda ɗalibai, sukan sa hannu a CIR, yarjejeniyar da sabon zuwa ke ƙullawa da gwamnati, a OFII, hukumar kula da baƙi, a gwada Faransancinsu, a ba su darasi kyauta idan da buƙata. Kada ku ɗauke shi a matsayin tilas da za a lallaɓa a wuce. Matakan harshe shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma dokar shige da fice ta Janairun 2024 ta ɗaga abin da ake nema: daga farkon 2026 ana buƙatar A2 don katin zama na shekaru da yawa, B1 don katin shekara 10, B2 don zama ɗan ƙasa. Ana tabbatarwa da jarrabawa irin TCF ko DELF, kuma akwai magana da sauraro a ciki, ba rubutu kaɗai ba. Wanda bai taso ba tukuna, akwai Alliance Française a Kano da Kaduna, ya fara tun daga gida.

Don horar da kunne, RFI, wadda kuka sani da sashen Hausa, tana da Journal en français facile, labaran minti 10 tare da rubutunsu. Ka fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ka saurari na Faransanci, don ka riga ka san zancen, sauti kawai kake bi. Ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi, ba a zuci ba.

Ke kuma uwar gida, tun 2019 yaro daga shekara 3 dole ne ya shiga makaranta a Faransa, kuma cikin 'yan watanni zai fi ki Faransanci. Kada ki bari ya zama shi ne tafintanki a gaban likita, akwai maganar da ba ta kamata ta bi ta bakin yaro ba. Makarantu da dama suna da shirin OEPRE, darasin Faransanci kyauta ga iyayen ɗalibai. Ki tambayi shugabar makarantar ɗanki, in babu a nan, ki je mairie, wato ofishin magajin gari, ta unguwarku ki nemi darasin Faransanci, ki ce: Bonjour madame, je cherche des cours de français.