Yadda za ka sa dokin diresaj ya buɗe taku a sassarfa

Jama'a barkanmu. Diresaj dai wasan horar da doki ne da alƙalan gasa ke ba da maki kan yadda yake tafiya da bin umarnin mahayi. Masu fama da doki wai ya ƙi faɗaɗa taku a sassarfa, mafi yawa matsalar ita ce ana matsa masa ƙaimi sai ya ƙara sauri kawai, taku ya ƙara gajarta, nauyi duk ya koma ƙafafun gaba. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne bugun sassarfar na nan yadda yake amma kowane taku ya cinye ƙasa da yawa, kuma ƙarfin daga ƙafafun baya yake zuwa.

To ka fara a da'ira mai faɗin mita 20, ka tattaro shi kaɗan, wato ka ɗan gajarta masa taku, sannan ka sake shi taku biyar ko shida, ka sake tattarowa tun kafin ya ruɗe, a haka a haka. In ya gane sai ku koma layin da ya ratsa fili daga kusurwa zuwa kusurwa, ka shirya shi a cikin kusurwar da ɗan riƙon linzami na daƙiƙa ɗaya ka saki, ƙwauri na manne da haƙarƙarinsa. Don Allah ka bar hannunka ya bi wuyansa, ba yadda za a yi ya miƙe kana danne masa baki. Kuma ka riƙa tashi-zauna a sirdi, domin gadon bayan matashin doki bai gama ƙwari ba.

Sandunan da ake jerawa a ƙasa suna taimakawa sosai, tazarar kamar mita 1.3 da farko, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. In ka ji ya fara gaggawa ko ya faɗa sukuwa, dawo da shi da'ira, ka bar sauran sai gobe.