Darasi na 7: Idan kansil ta ƙi biyan kuɗin haya na baya

Assalamu alaikum 'yan aji. Darasin yau na 'yan uwanmu ne mazauna Ingila, masu karɓar tallafin kuɗin haya da ake kira Housing Benefit, wanda kansil, wato ƙaramar hukumar unguwarku, ke biya. Tun farko mu faɗa, wanda ke kan bizar karatu ko ta aiki da aka rubuta masa ba shi da haƙƙin kuɗin gwamnati, to wannan ba nasa bane, kar ma ya cike fom ɗin ya jawo wa takardunsa matsala. Kuma yanzu yawancin masu shekarun aiki an mayar da su wani tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit, waɗanda suka rage su ne 'yan fansho da masu zama a gidan wucin gadi ko gidan da ake kula da mutum.

A ce wata baiwar Allah ta kwanta asibiti sati uku, ta fito jiki ba ƙarfi, sai daga baya ta cike fom. Kansil ta fara biya daga lokacin da ta nema, na baya kuma mai gida na ta buga waya. Ta roƙi a biya mata na bayan, sai ga wasiƙa an ce a'a. To a nan ne mutanenmu ke naɗe wasiƙar su tura ƙarƙashin katifa su ce Allah ya isa, wallahi abin yana min ciwo, domin ƙofa ba ta rufe ba.

Ga dokar. Mai shekarun aiki, tun Afrilun 2016 wata 1 kacal ake iya komawa baya, da can wata 6 ne. Kuma sai ka nuna kana da ƙwaƙƙwaran uzuri da ya hana ka nema, uzurin kuma bai yanke ba tun daga ranar farko har ranar da ka nema. Ɗan fansho shi wata 3 ne, ba a tambayarsa uzuri.

Wannan maganar ta rashin yankewa ita ce ke kayar da mutane. In ka ce ka yi jinya sati biyu, za su ce to sauran sati biyun fa ina kake? Sai ka faɗa, ka fito ba ka iya tafiya, kai kaɗai ne a ɗaki ba mai taimaka maka, ga takardar sallama daga asibiti ga wasiƙar likita. Rashin lafiya, ciwon damuwa, rasuwar na kusa, ko wani ma'aikaci ya faɗa maka ba daidai ba, duk ana dubawa. Amma "ban sani ba" shi kaɗai da wuya ya ɗauke ka, haka "ba na jin Turanci", sai ka haɗa da bayanin wa ka tambaya, yaushe, me ya hana ka samun mai fassara.

Yanzu ɗauko wasiƙar ka duba kwanan watan da ke samanta. Daga wannan ranar kake da wata 1, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba. Kana iya neman su rubuto maka dalilansu, kana iya cewa su sake dubawa, kana kuma iya ɗaukaka ƙara zuwa tirabunal, wato kotu mai zaman kanta da ke sauraron irin wannan ƙarar, kai tsaye. Takardar ƙarar kansil ɗin kake aikawa, su ne za su miƙa idan ba su canza shawara ba. Alƙalin tirabunal ba ma'aikacin kansil bane, ba za ka biya ko fam ɗaya ba, kuma in ka nemi tafinta za a kawo maka kyauta. Ni dai shawarata ka zaɓi a saurare ka da bakinka, kar ka bari a yanke a kan takarda kawai. In wata 1 ya wuce har yanzu rubuta, ka faɗi dalilin latti, amma bayan wata 13 shikenan.

A takardar sa sunanka, adireshi, lambar da ke kan wasiƙarsu, ranar hukuncin, sannan dalilinka rana bayan rana, ka sa hannu. Aika kwafin shaidu, na asali ya zauna a hannunka, in ta gidan waya ne karɓi risit ɗin aikawa. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya je Citizens Advice ko ya kira Shelter, ƙungiyoyin ba da shawara ne, kyauta suke taimakawa. Ka kuma sanar da mai gida cewa ka ɗaukaka ƙara, kana biyan abin da ya sawwaƙa kafin a yanke.

Aikin gida: an rubuta wa baiwar Allah ɗin nan wasiƙa ranar 10 ga Maris, ta buɗe ranar 18. Wace rana ce wa'adinta zai cika? Sannan rubuta mata layi biyar da za ta bayyana abin da ya hana ta nema daga ranar da aka kwantar da ita har ranar da ta cike fom, ku zo da shi aji mai zuwa mu karanta tare.